Kumatun Aro

Ko zan manta da komai na shekarun koyarwata, ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ƙanwata Salamatu a Dogarawa ba, ranar da na faɗi warwas a cinyar liman, goro da dabino suka watse, mutanen ango suka riƙa ɗage ƙafafu kada su taka ni. Ba na son ba da labarin nan. Na gaji da shi, na kuma gaji da masu ba da shi a madadina suna ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ce bari in faɗe shi sau ɗaya da bakina, ko na huta.

Ni dai siriri ne. Ba ramar ciwo ba ce, ba ta yunwa ba, haka Allah ya yi ni. Malamin kimiyyar halittu ne ni a wani koleji a Malbaza. A gabana ɗalibai Mushe suke ce mini, wato Malam da Faransanci, a bayana kuwa Karan Dawa (yara ba su iya raɗa ba, ina jin su sarai). Duk tsawon zamana na gwauro babu wanda ramata ta dama. Gwauro ai ba a tsammanin ya yi wuya, wa zai dafa masa? Matsalar ta fara ne da na yi aure.

A wajenmu in an ɗaura wa mutum aure, akan ba shi 'yan watanni, sannan a fara auna shi da ido. In wuya ya cika, kumatu suka fito, sai a ce amarya 'yar gidan kirki ce, tana da hannu, ta san darajar miji. In kuwa ya zauna yadda yake, ba shi za a tambaya ba. Ita za a tambaya.

Matata Ramatu 'yar Tajaye ce, kuma wallahi ta iya girki. Tuwon geronta ba gudaji, miyar kukarta har maƙwabta na aiko yara da kwano, ga dambu, ga kwaɗon zogale, ga fura mai sanyi tana jirana duk ranar da na dawo daga lakwal, wato makaranta. Ina ci har in gaji da tauna. Amma inda abincin ke tafiya, Allah kaɗai ya sani. Ko tsinke bai ƙaru a jikina ba.

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunana, ba ta ma cika dubana kai tsaye ba. In tana da magana a kaina, bango take faɗa wa, ko akuyar da ke ɗaure a tsakar gida. Duk sa'ad da muka je gaisuwa Dogarawa, sai ta dubi akuyar ta ce, “Wanga yaro kullum kamar an shanya shi a rana.” Ba ta ƙarawa. Mai ƙarawar ita ce Gwaggo Hajo, ƙanwar marigayi mahaifina, wadda ba ta taɓa haɗiye magana ba tun da aka haife ta.

“Ke ɗiyar ga,” ta ce wa Ramatu wata rana a gaban mata, “mi kike ba shi ne? Ruwan zahi? Ko ku 'yan lakwal ba a koya muku tuƙa tuwo?”

Mata suka yi dariya. Ramatu ma ta yi murmushi, kanta a ƙasa, don ba a mayar wa gwaggon miji magana. Amma a cikin taksi, a hanyarmu ta komawa Malbaza, ta juya fuskarta wajen taga, ina ganin kafaɗarta na motsi. Daga ranar ta ninka girki. Sai ta ajiye mini kwano ta koma gefe tana kallon wuyana, kamar mai jiran tsiro ya fito. Na ci, na ci, har na fara jin tsoron ƙarar murfin kwano. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yarinyar nan ta fara yarda cewa laifinta ne.

Ana nan, ran wata kasuwar Konni, na je sayen takalmi sai na tsaya kusa da mai tallar magunguna, irin waɗanda ke baza su a kan tabarma. Mata sun kewaye shi suna sayen wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi. Na san su, kowa ma ya san su: sha-ka-fashe, wanda 'yan mata ke sha kafin biki don su yi ɓul-ɓul. Na yi ta duba takalman da ba na so har matan suka watse, sannan na matsa.

“Na ƙanwata ne,” na ce masa ƙasa-ƙasa. “Aure za ta yi.” (Salamatu, ki yafe mini, da sunanki na yi cinikin.)

Mutumin ya dubi wuyana, ya dubi alli a hannun rigata, ya naɗe ƙwayoyin a leda. “Allah shi ba ƙanwar taka lahiya, Mushe. Ka ce mata ta sha da sahe, in ta karya. Ta kuma rage tsayuwa gaban allo.”

Ga inda abin kunyar yake na gaske. Na karanta sunan da ke jikin maganin, kuma na gane shi. Ni ne fa mutumin da ke tsayawa duk shekara ya zana wa yara ƙwaƙwalwa a allo, ya ɗiga wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙarƙashinta, ya ce su rubuta sunan sinadarin da yake fitarwa, ACTH, da manyan baƙaƙe. Ni ne mai bayyana musu cewa shi ke riƙe jiki a lokacin tsoro da ciwo da wahala, kuma akwai magungunan da ke sa shi barci. Da ɗalibi ne ya rubuta mini cewa ana iya shan wannan magani don ƙiba ba abin da zai faru, da sifili zan ba shi, in ƙara da jan layi biyu. Amma na ce wa kaina kaɗan zan sha, na ɗan lokaci, Gwaggo na yin shiru in bari.

Maganin kuwa bai yi ƙarya ba. Yunwa ta buɗe mini kamar an fasa rumbu. Kafin damina ta yi nisa fuskata ta zama zagayayya, wuya ya cika, tumbi ya leƙo. Hannuwa da ƙafafu dai suna nan yadda suke, har ma sun ƙara sirancewa, amma me babbar riga take yi? Barci ya ragu, fushi ya ƙaru, na fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Duk ban damu ba, don ko'ina na bi sai barka. Abokan aiki suna cewa aure ya karɓe ni. Tela ya sake auna ni yana dariya, ya ce yanzu ne zai ci ribar yadi a kaina.

Da muka je yawon Sallah, Inna ta dubi akuyarta ta ce, “Alhamdulillahi.” Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar ƙwarya mai zane, wadda ta gada wajen uwarta, ta ajiye a gaban Ramatu. Gwaggo Hajo ta kama kumatuna ta ja, kamar mai taya rago a kasuwa, ta ce, “Yauwa, ɗiyar Tajaye! Yanzu kin zama mace.” A hanyar komawa Ramatu ta rungume ƙwaryar nan a cinyarta tana murmushi ita kaɗai. Murmushin nan ne ya sa “ɗan lokaci” ya wuce damina, ya wuce kaka, na koma wajen mai tabarma ban san sau nawa ba.

A cikin wani tsohon gwangwanin alli nake ɓoye ƙwayoyin, can saman kwaba. Wata safiya, ana shirye-shiryen bikin Salamatu, na miƙa hannu na ɗauko gwangwanin na ji shi sakayau. Na buɗe. An wanke shi tas, har an goge. Na fito tsakar gida, Ramatu ta kawo mini koko da ƙosai kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye. Na dube ta. Ta dubi faranti. Na ce, “Sannu da aiki.” Ta ce, “Yauwa, Malam.” Shi ke nan maganar da muka yi a kai.

To yaya zan yi? In buɗe baki in ce wa matata ina ƙwayoyina na ƙiba? Ita kuma ta dubi idon mijinta ta ce ta kama shi yana shan maganin amare? Kowannenmu ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, muka ci gaba da gaisawa cikin ladabi. Na so in koma Konni in sayo wasu, sai hidimar biki ta sha kaina, kuma na ce ai buƙata ta biya, Allah ne ya kawo ƙarshen abin. Na san ba a barin irin wannan magani farat ɗaya. Na sani sarai. Kawai dai na ɗauka abin da ke cikin littafi da wasu mutane yake.

Gajiyar da ta biyo baya ban taɓa jin irinta ba. Ba gajiyar aiki ba ce da barci ke maganinta. Sai in tashi da safe kamar na kwana ina dakan gero. Alli ya yi mini nauyi, na koma koyarwa a zaune. In na miƙe tsaye sai ƙasa ta juya, gaɓoɓi na ciwo, abincin da nake wawura da hannu biyu ya koma tayar mini da zuciya. Ana saura kwanaki kaɗan biki kuma zazzaɓi ya shigo ya zauna. Ban faɗa wa kowa ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, rumfa da tabarmi da masaukin baƙi da motar 'yan rakiya duk a wuyana suke, wuyan nan nawa na aro.

Ran ɗaurin aure na yi amai a bayan rumbu, na wanke baki, na zura babbar riga na fito ƙofar gida. Rana ta riga ta ɗaga, jama'a sun cika rumfa. Sanƙira na hango ni ya ɗaga murya: “Ga Mushe na Ramatu! Ku dubi wuya, jama'a, ku dubi kumatu! Wanda ya auri mai hannu ba ya ɓoyuwa!” Mutane na dariya, ni ina murmushi, gumi mai sanyi na bin bayana. Na samu wuri kusa da liman na zauna. Aka yi tambayoyin da ake yi, Kawu ya bayar, wakilin ango ya karɓa, sai aka ce babban wa ya tashi ya miƙa tasar goro ga mutanen ango.

Na tashi. Na tuna na ɗauki tasar. Na tuna muryar sanƙira ta yi nisa kamar daga cikin rijiya yake magana. Sauran labarin a bakin mutane na ji shi, kuma kowa da irin nasa. Abin da suka haɗu a kai shi ne liman ya ɗaga hannu zai shafa fatiha, sai ya ga mutum a cinyarsa.

Na farfaɗo a cikin taksi, kaina a kafaɗar Kawu, ana gudu da ni Konni. Mata suna kujerar baya. Muryar da na fara ji ta Gwaggo Hajo ce.

“Ni dama ƙibar ga ban yarda da ita ba. Ƙibar dare ɗaya! Yaron da munka sani tun yana tsumma, ubanai bai yi ƙiba ba, kakanai bai yi ba. Wani abu anka zuba mishi a tuwo don a mallake shi. Ga shi nan ya zo ya kashe shi.”

Wannan fa ita ce matar da ta ja kumatuna ran Sallah tana sa albarka. Na saurara in ji Inna ta tsawata mata, ban ji komai ba. Na saurara in ji Ramatu, sai shessheka. Ni kuwa, namijin duniya, me na yi? Na ƙara runtse ido. Na ga suma ta fi mini sauƙi a kan magana.

A asibiti wata likita ce ta karɓe ni, mace mai gilashi, daga yammacin ƙasa aka turo ta. A bakin aiki ta koyi Hausa, kuma da alama wajen kurame ta koye ta, don duk abin da ta faɗa sai an ji shi a ƙarshen ɗaki. Ɗakin kuwa babba ne, gadaje a jere, kowane da majinyata, ga kuma 'yan biki sun biyo mu da kwalliyarsu sun tsaya a ƙofa. Ta auna jinina ta ɓata fuska, ta sa aka ɗaura mini ruwa nan take, aka tsaga ɗan yatsa.

“Zazzaɓin sauro akwai,” ta ce. “Amma shi kaɗai ba ya kayar da jini haka.”

Ta dubi fuskata, ta ɗaga hannuna ta ga siririn abu kamar muciya, sannan ba sallama ta yaye mini riga. Tumbina ya bayyana a gaban uwata da gwaggona da rabin Dogarawa, duk ya yi nankarwa, layi-layi masu faɗi irin na mai juna biyu.

“Cikin wata nawa ne?” ta tambaya.

Wani ya yi tari a ƙofa.

“Wane magani kake sha?”

“Ba komai, likita. Sai na ciwon kai, jefi-jefi.”

Ta dube ni ta saman gilashi. Ta juya ta faɗa wa ma'aikacin jinya wani suna da Faransanci, ya ruga ya kawo allura aka zuba a cikin ruwan. Sannan ta ce, “Na ba ka maganin abin da nake zato, ba zan jira ka ba. Amma sai na san me ka sha, tun yaushe, kuma yaushe ka bari. In ban sani ba zan sallame ka, ka je ka sake faɗuwa, kuma wancan karon ba lalle ne ka tashi ba.”

“Lokotoro,” Gwaggo ta shigo da maganarta, “ki tambayi matar. Ita ka dahwa mishi.”

Duk aka juya. Ramatu na tsaye a jikin ƙofa da kayan bikinta, lalle a hannu, idanu sun kumbura. A hankali ta ce, “Ni na zubar da su. A masai.”

“Kun ji ko!” Gwaggo ta tafa hannu. “Ta amsa da bakinta! Mi kinka zubar? Hwaɗi mi kinka zubar!”

Ramatu ta ƙura wa ƙasa ido. Na san ta, na san ba za ta faɗa ba. Ta ba likita abin da zai cece ni, sauran kuma ta yanke shawarar ɗauka a kanta, ko da za a kira ta mai sammu har ƙarshen rayuwarta. Sai na ga Inna ta juya ta dube ta. Ba akuya ta duba ba, ba bango ba, ita ta duba, doguwar duba mai sanyi. Na san in aka fita ɗakin nan da wannan kallon, ko na warke, Ramatu ba ta da sauran wurin zama a gidanmu.

“Sha-ka-fashe ne,” na ce.

“Ban ji ba,” in ji likita. (Ta ji. Har gobe ina da yaƙinin ta ji.)

“Sha-ka-fashe ne! Ni na saya da kaina, ni na ɓoye, ni nake sha tun farkon damina. Ba ta san komai ba sai da ta gani.”

Can sai matar wani tsoho da ke gadon kusa da nawa ta ce, “Na mata?” Tsohon, wanda aka ɗaure wa ƙafa, ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi, sai da aka ba shi ruwa. Daga ƙofa na ji labarin yana fita waje baki-baki, yana sauka tsakar asibiti. Da gadon zai tsage in shige, da na gode masa.

“Me kake yi, wane aiki?” likita ta tambaya.

“Koyarwa.”

“Koyar da me?”

Na rufe ido. “Kimiyyar halittu.”

Ta mayar da alƙalaminta aljihu, ta harɗe hannuwa. “To, Mushe. Yi wa mahaifiyarka darasi. Ni na gaji da yin sa.”

Haka na yi darasin da ya fi kowane wuya a rayuwata, a kwance, ruwa na shiga hannuna, tumbi a waje. Silin nake kallo, don ni ma ba na iya duban Inna. Na ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar wake. Kullum yana aika ɗan aike ta cikin jini zuwa wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a kan ƙoda, ya ce su fitar da abin da ke riƙe ƙarfin jini da kuzarin mutum. In ciwo ya zo, ko tsoro, ko wahala, sai ya ninka aiken. To ƙwayar da na sha irin wannan abin ne, na kanti. Da ƙwayar waken ta ga jini ya cika da shi kullum, sai ta daina aike, 'yan tsokar nan kuma suka kwanta barci. Ranar da na kanti ya yanke, zazzaɓi ya zo, biki ya zo, jiki ya nemi agaji, babu ɗan aike, babu waɗanda za a aika wa.

Inna ta dubi ƙarfen gado ta ce masa, “Wato gidan da ake kawo ma tuwo daga waje kullum, har murhu ya mutu.”

“Shi ke nan, Inna,” in ji likita. “Kuma murhun ba ya kamawa rana ɗaya.” Ta juya wajen Ramatu. “Ke kuma, zubarwar da kika yi don ki taimake shi ne, na sani. Amma wannan magani a hankali ake rage shi, a hannun likita. Me ya sa kika zubar?”

“Na ga yadda ya yi da wata ƙawata,” Ramatu ta ce tana share ido. “Tsoro na ji.”

“Me ya hana ki yi masa magana?”

“Kunya.”

“Kai fa, da ka ga babu, me ya hana ka tambaye ta?”

“Kunya,” na ce.

Likita ta dube ni, ta dube ta. “Gida ɗaya kuke kwana kuwa?”

A daidai nan Gwaggo Hajo ta tuna ta bar tukunya a kan wuta a Dogarawa.

An dai ɗaura auren, ashe da aka ɗauke ni liman ya gyara rawaninsa ya ƙarasa fatiha. Salamatu na zaune lafiya da mijinta, sai dai har yau in ana lissafin shekarun aurenta, cewa ake yi shekarar da Mushe ya faɗi. Ni kuwa na yi watanni ina shan wasu ƙwayoyi da likita ta rubuta, ana rage su kaɗan-kaɗan, lokaci-lokaci a ɗebi jinina da sassafe a aika Yamai a ga ko ɗan aiken ya farka. Ya farka, amma da nawa, kamar ma'aikacin da aka dawo da shi daga hutu. Kumatu suka koma inda suka fito, tumbi ya sace, nankarwar ce kawai ta ƙi tafiya. Kafin in koma aiki labarin ya riga ni isa Malbaza, ina jin a motar kamfanin simintin garin ya hau. Karan Dawa ya mutu, aka haifi Mushe Sha-ka-fashe.

Ina cikin wannan jinyar, wata ranar Juma'a da hantsi, sai ga Inna ta yi sallama a gidanmu, ita da ba ta son hawa mota. Ramatu ta rikice, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo fura a ƙwaryar nan mai zane. Ni ina gefe a kujera, na koma yadda nake tun asali, har na ɗan fi. Inna ta sha fura, ta kwance ƙullin da ta zo da shi, ta fito da wata tsohuwar riga mai ruwan ƙasa, wankakkiya, an ninke ta da kyau. Ta Baba ce, na gane ta. Ta tura wa Ramatu.

“Ki ba shi shi gwada.”

Na sa. Kamar a jikina aka ɗinka ta, kafaɗa da wuya da komai.

Inna ta daɗe tana kallon rigar. Babu akuya a gidanmu, saboda haka Ramatu ta faɗa wa. “Mai rigar ga, tun da anka kai ni gidanai har Allah ya ɗauki abinai, ina tuƙa mishi tuwo. Bai taɓa ƙara ko tsinke ba. Uwatai ta ce ban iya ba, ƙannenai sunka ce ban iya ba. Na sha kuka bayan rumbu, ɗiyata, na sha.” Ta gyara mayafi. “Ban san ranar da bakin uwatai ya dawo bakina ba.”

Ramatu ta sunkuyar da kai tana hawaye. Inna ta miƙa mata ƙwaryar ta ce ta ƙaro fura, ta yi daɗi. Iyakar haƙurin da aka bayar ke nan, kuma a wajen Ramatu ya isa.

Har yanzu siriri ne ni. Duk shekara in muka iso babin nan, ina zana ƙwayar waken a allo sai aji ya yi wani irin shiru, kafaɗu na rawa. Sai in ajiye alli in ce, “Ku yi dariyarku ku gama, na gaji.” Su yi, su gama, mu ci gaba. Ban taɓa samun ɗalibin da ya kasa amsa tambayar wannan babin a jarrabawa ba.

Abin da na koya bai da yawa. Wuyan da Allah ya ba ni shi zan kai kabari, wanda bai gamsu ba ya je ya tambayi rigar Baba. Sannan yanzu a gidana, ko cokali ne ya ɓace daga inda na ajiye shi, buɗe baki nake yi in ce, “Ramatu, ina abin nan?” Kunyar tambayar ba ta wuce tsakar gida. Waccan kuwa, da na tsaya ina tattalinta, sai da na biya ta a gaban liman, da uwata, da wani tsoho mai karyayyar ƙafa wanda har yau in ya hango ni a kasuwar Konni yake kumbura kumatunsa.